Kwana Uku a Samaru, Inda Ake Saukar da Damina a Cikin Kwamfuta

Motar Zariya a tashar Unguwa Uku ba ta tashi sai ta cika, saboda haka mai son ya riski Samaru kafin azahar sai ya yi sammako. Mun bar Kano da hantsi a ƙarshen hunturu, hazo ya lulluɓe gari har mutum yana iya kallon rana ido da ido. Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, tafiyar kusan kilomita 150 ce, babu abin labari a hanya sai rake da buhunan masara a bakin titi. A Kwangila na sauka na hau abin da Kanawa ke kira a-daidaita-sahu, su nan keke kawai suke ce masa. Mai keken Bazazzagi ne sosai, "hanyan nan ya fi sauri, Alhaji" ya ce da ni, muka miƙe titin Sakkwato. Mun wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, wani ƙaramin jirgi yana ta shawagi ƙasa-ƙasa, ko dai ɗalibi ne ke koyon sauka.

Abin da ya kai ni shi ne ganin yadda wasu masu bincike ke gudanar da kwaikwayon kimiyya a kwamfuta. Wato a ɗauki ƙa'idojin da iska ko ruwa ko zafi suke tafiya a kai, a rubuta su da lissafi, a ba na'ura ta bi su taku bayan taku har ta nuna abin da zai faru. Sana'a ce mai zaman kanta. Mai yin ta sai ya san fiziks ko injiniyanci, ya san lissafi, ya iya rubuta manhaja, a ƙasar nan kuma dole ya san kan batir da janareto.

Samaru ba baƙuwar awo da lissafi ba ce. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a nan, wadda ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, kuma shekara da shekaru ana auna ruwan sama a filayenta ana rubutawa. Cibiyar kwamfuta ta jami'ar tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A shekarar nan ta 1922 ce kuma wani mutumin Ingila, Lewis Fry Richardson, ya wallafa hanyar hasashen yanayi da lissafi. Da hannu ya yi gwajinsa, ya kwashe makonni a kan hasashen awa 6 kacal, amsar ma ta fito a karkace. Ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 a zaure guda, kowa da yankinsa na taswira yana miƙa wa maƙwabcinsa amsa, kafin lissafi ya iya tsere da yanayi. Sai a 1950 aka yi hasashen farko da na'ura, ENIAC ta Amurka, inda hasashen kwana guda ya ci kusan kwana guda na lissafi.

Zauren nan na Richardson shi na tarar a wani ƙaramin ɗakin bincike da mai masaukina ya kai ni, illa dai an maye gurbin mutanen da ƙwayoyin lissafi. Mai masaukin nawa Dakta kowa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ɗakin bai fi shagon tela ba. A cikin wata doguwar ragar ƙarfe an jera kwamfutoci 8 marasa allo, kowacce da furosesa 2, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, kowace furosesa da ƙwayar lissafi 8 masu aiki kowacce da kanta, jimla 128, kowace kwamfuta kuma da ram, ma'ajiyar wucin gadi da take aiki a cikinta, mai gigabait 64. A samansu akwai uwar gungun, ta nan ake shiga ana ba da aiki, sai akwatin faifan ajiya da akwatin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a cikinsa. Wannan tsari na haɗa kwamfutocin kasuwa su yi aiki tare ya samo asali ne daga gungun Beowulf da aka haɗa a hukumar NASA a 1994 da furosesa 16. Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke kan dukkansu, wata manhaja mai suna Slurm kuma ita ke raba layi, kowa ya rubuta ƙwaya nawa yake so da awa nawa, ya jira a kira shi.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne ma'aikacin lantarki, ɗalibai Baba Injiniya suke ce masa. Kafin na taɓa komai ya ce, "Malam, dafa ƙarfen nan tukuna." Iskar hunturu busasshiya ce, jiki yana tara lantarkin da in ya tsallaka kan sandar ram zai iya kashe ta ba tare da ka ji komai ba. Daga nan ya shiga ba ni lissafin ɗakin, wanda a ganina ya fi na kowa muhimmanci a wurin.

Kowace kwamfuta in tana aiki gadan-gadan tana jan wat 400, takwas ɗin 3,200 ke nan, sauran kayan su ƙara 400, ya zama kilowat 3.6. Duk wutar nan zafi take komawa, babu inda take zuwa. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi abin da take iya kwashewa kusan kilowat 3.5 ne na zafi, wato a bakin gaɓa take, in aka shiga Maris da Afrilu ba za ta iya ita kaɗai ba. Shi ya sa guda 2 ne a bangon, suna karɓa-karɓa a hunturu, su haɗu a bazara, ana so iskar da ke shiga gaban kwamfutocin kada ta haura digiri 27. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Duk mako yana wanke matatar esin, an liƙe ƙasan ƙofa da roba, wata-wata kuma a kashe kwamfuta a hure ta, a riƙe fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima ta lalata ta. In ƙura ta toshe haƙarƙarin sanyaya furosesa, furosesar ba ta mutuwa nan take, rage gudu take yi da kanta don kare kanta. Illar ita ce aikin da aka raba wa kwamfuta 8 da gudun mafi nawa a cikinsu yake tafiya, domin a ƙarshen kowane taku sai kowa ya jira kowa. Kwamfuta ɗaya mai ƙura sai ta mayar da aikin kwana 2 na kwana 3, mai aikin yana can yana zargin manhajarsa.

Batiran kuwa guda 4 ne masu bolt 12 da amfiya-awa 200, an haɗa su a jere sun ba da bolt 48, a takarda kilowat-awa 9.6. Amma batirin dalma in kana son ya yi ƙarko rabinsa kawai za ka sha, saura 4.8, inbata ta ci kashi ɗaya cikin goma, saura 4.3. Raba da 3.6, awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan, kuma in ana jan batirin dalma da ƙarfi haka bai ma kai abin da aka rubuta a jikinsa. Esi ba ta kan wannan layi, don haka tun kafin batir ya ƙare ɗakin ya zama tanda. Baba Injiniya ya ce, "Batirin nan ba na aiki ba ne, Malam, na sallama ne." Amfaninsa ya riƙe gungun har janareto ya tashi, in bai tashi ba wata 'yar manhaja da ke sauraron na'urar riƙon wuta ta umarci ayyuka su adana inda suka tsaya, kwamfutocin su kashe kansu cikin tsari. Wani abin da mutane ke tuntuɓe a kai shi ne inbatar gida tana ɗaukar kashi 10 zuwa 20 cikin dubu na daƙiƙa kafin ta karɓi kaya, tukunyar wutar kwamfuta kuma abin da take iya riƙewa bai wuce wajen kashi 16 ba. Wata rana ka tsira, wata rana kwamfuta 3 su sake tashi. Maganin shi ne irin na'urar da kullum ta cikinta wutar ke bi, babu sauyin hannu ko kaɗan.

Adana inda aka tsaya ɗin nan, Dakta ajiyar zango yake ce masa, kamar yadda fatake ke sauke kaya a zango. Manhaja takan tsaya lokaci-lokaci ta rubuta duk abin da ke cikin ram a faifai, in wuta ta katse a ɗora daga nan. Tambayar ita ce bayan minti nawa za a riƙa yi. Ka yawaita, lokacinka ya ƙare a rubutu, ka jinkirta, katsewa ɗaya ta cinye maka wuni. Akwai tsohuwar ƙa'ida mai sauƙi: ninka tsawon lokacin ajiyar sau 2, ninka da tazarar da aka saba samu tsakanin katsewa da katsewa, sai ka nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da amsar. In ajiya tana cin minti 2, ana kuma samun katsewa duk awa 6, wato minti 360, ka samu 1,440, lambar da ake nema kuwa 38 ce. Duk minti 38 zuwa 40 ke nan. Kada kuma a rubuta sabuwar ajiya a kan tsohuwa, domin in wuta ta tafi ana tsakiyar rubutun an yi biyu babu. A rubuta da sabon suna, a tabbata ta kammala, sannan a share ta shekaranjiya a bar ta jiya.

Washegari da safe na tarar da wata ɗalibar digiri na biyu zaune gaban allo ta yi tagumi. Aikinta kwaikwayon damina ne a arewacin Najeriya da WRF, manhajar yanayi ta kyauta da cibiyar NCAR ta Amurka ke jagorantar kula da ita, mafi yawanta da Fortran aka rubuta, harshen da ya fito tun 1957 kuma har yau bai yi ritaya ba. Ta ce da Dakta, "Allah ya gafarta Malam, jiya lafiya lau yake tafiya, da asuba na ga ya tsaya, lambobin duk sun koma NaN." Wato alamar da na'ura ke rubutawa in amsa ta daina zama lamba.

Ga yadda aikin nata yake. An shimfiɗa raga a kan fili mai kilomita 1,200 tsawo da faɗi. Da farko kowane gurbi kilomita 12 ne, gurbi 100 sau 100, dubu 10, a ɗora hawa 40 daga ƙasa zuwa sama, gurbi 400,000. A kowane gurbi ana riƙe da gudun iska, zafi, matsi, laima, da ruwan da ke cikin gajimare. Ƙa'idar da masu WRF ke bi ita ce tsawon taku a daƙiƙa kada ya wuce faɗin gurbi a kilomita sau 6, don haka taku ɗaya daƙiƙa 72, kwana guda taku 1,200. Amma gurbin kilomita 12 ya fi ƙarfin hadarinmu. Hadarin da ke tasowa daga gabas da yamma lis, da guguwa a gaba ruwa a baya, ginshiƙan iskarsa ba su kai wannan faɗin ba, sai dai manhaja ta yi masa kintace. In ana so ya haɗu da kansa a cikin lissafin sai an sauko wajen kilomita 4. Da ta sauko, gurbi ya zama 300 sau 300 sau 40, miliyan 3.6, taku ya koma daƙiƙa 24, kwana guda taku 3,600. Gurbi ya ninka sau 9, taku ya ninka sau 3, aiki ya ninka sau 27. Abin da ke ƙarewa cikin awa guda ya koma kwana ɗaya da awa 3.

Dakta bai taɓa allon ba, cewa ya yi ta buɗe fayilolin ƙorafi da kowace ƙwaya ke rubutawa ta nemi haruffan cfl. Ga su kuwa jere, 'yan mintoci kafin rushewar, duk a gurabe ɗaya ta wajen tsaunukan Jos. Haruffan sunayen Courant da Friedrichs da Lewy ne, waɗanda suka nuna tun 1928 cewa a irin wannan lissafi bai halatta wani abu ya tsallake gurbi fiye da ɗaya a taku guda ba. A kwance babu matsala, iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa sai ta yi sama da minti 2 kafin ta ƙetare kilomita 4. A tsaye ne gizo ke saƙa. Hawa ɗaya kaurinsa na iya zama mita 300, cikin hadari kuma iska na iya haurawa sama da gudun mita 20 a daƙiƙa, daƙiƙa 15 ta fice, alhali takun 24 ne. Daga nan lambobi su fara lilo, kowane taku ya fi na baya, har su fi ƙarfin abin da na'ura ke iya rubutawa. Shi ya sa aikin ya yi kwanaki lafiya, sai ranar da babban hadari ya haɗu a kan dutse ya faɗi. Ta koma ajiyar zangon ƙarshe, ta rage taku zuwa daƙiƙa 18, ta kunna abin da ke danne haurawar iskar da ta wuce kima, ta sake shiga layi. Kuɗin gyaran shi ne aikin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku.

Na tambaye ta ƙwaya nawa take amfani da su, ta ce 36, kuma tana so a ba ta duka 128 ɗin ta gama da wuri. Dakta ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kin taɓa zuwa gayya?" Gona in aka raba ta tsakanin manoma, kowa da yankinsa, amma a wannan gonar kowa sai ya san abin da ke faruwa a kunyoyin maƙwabcinsa na kan iyaka kafin ya ɗaga fartanya, kuma a kowane taku. MPI, ƙa'idar aika saƙo tsakanin ƙwayoyi da aka tsayar a 1994, ita ke ɗaukar wannan saƙon. Da ƙwaya 36, kowacce tana da 50 sau 50, gurbi 2,500 nata, in kuma tana buƙatar layi 3 daga kowane gefe, gurbi 636 take karɓa daga maƙwabta, kusan rubu'i. Da a ce ƙwaya 900 ne, kowacce 10 sau 10, gurbi 100 nata, 156 na maƙwabta, surutu ya fi noma. Wayar sadarwar ɗakin kuma ta gama-gari ce, kowane saƙo yana jiran gomman kashi cikin miliyan na daƙiƙa kafin ya tashi, inda InfiniBand, wayar sadarwa mai sauri ta manyan cibiyoyi, ke yi a kusan kashi ɗaya. Ga kuma dokar Amdahl ta 1967: in kashi 5 cikin 100 na aikin ba ya rabuwa, kamar rubuta sakamako a faifai da ƙwaya ɗaya ke yi, to ƙwaya 16 sau 9 za su ba ka, 64 su ba ka sau 15, ko duniya ka tara ba za ka wuce sau 20 ba. Hanyar sani ita ce gwaji: a gudanar da awa 3 na kwaikwayo da ƙwaya 16, da 36, da 64, da 100, a rubuta lokacin kowanne, a tsaya inda ƙari ya daina biyan kuɗin wutarsa.

Faifai ma yana da nasa lissafin da sababbi ke mantawa. Gurbi miliyan 3.6 sau bait 4, megabait 14.4 ke nan ga abu ɗaya. Ka ce a rubuta abu 20 duk awa, kusan gigabait 7 a kwana, damina mai kwana 150 ta ci terabait guda. Faifai ya cika da tsakar dare, aiki ya mutu, kuma ba naka kaɗai ba, har na duk wanda ke rubutu a faifan.

Da la'asar Dakta ya kai ni cikin birni ta Ƙofar Doka, muka yi sallah a Masallacin Juma'a na kusa da fada. A cikin ginin zamanin da aka kewaye shi da shi har yanzu ga bakan gizon ƙasa da Babban Gwani ya ɗaure a zamanin Sarki Abdulkarimu, kafin tsakiyar ƙarni na 19, azara a kan azara an lulluɓe da ƙasa. Injiniyan yau in zai duba nauyin da bakan nan ke ɗauka, yanka shi zai yi gurbi-gurbi a kwamfuta, amma sai ya fara auna ƙarfin azarar giginya da na ƙasar da aka kwaɓa, in ba haka ba hoto mai launi kawai zai samu. A hanyar komawa muka tsaya Tudun Wada muka ci tsire.

Rana ta uku zancen ya koma kan wani irin kwaikwayo dabam, wanda Zariya ke da hannu a cikinsa fiye da kowane gari a ƙasar nan. Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta jami'ar ita ke riƙe da tukunyar nukiliyar bincike ta Najeriya, NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30 da 'yan kai. Ba wutar gari take bayarwa ba, nutiron take samarwa, wato ƙananan ɓarɓashin da ke fitowa daga cikin ƙwayar zarra, don gano sinadaran da ke cikin ƙasa, dutse, ko hatsi. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai tacewar kashi 90 zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon Sin. Irin wannan sauyi ba a yin sa da a gwada a gani, sai an lissafa komai tukuna. Hanyar da ake bi sunanta Monte Carlo, ta fito daga cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka a shekarun 1940, kuma babu raga a cikinta. Ana sakin nutiron ɗaya a cikin siffar tukunyar, a jefa ƙuri'a a ga nisan da zai yi kafin ya yi karo, a sake jefawa a ga ko an haɗiye shi, ko ya karkace, ko ya fasa ƙwayar yuraniyom ya haifar da wasu. A maimaita sau miliyoyi a ɗauki matsakaici. Da manhajar MCNP aka fi yi, manhajar OpenMC kuma kyauta ce ga mai koyo. Daɗinta shi ne nutiron ba ruwansa da ɗan'uwansa, don haka ƙwayoyi ba sa yawan jiran juna, gungu mai wayar gama-gari ma ya wadatar. Ɗacinta shi ne in kana son rage kuskure da rabi sai ka ninka nutiron sau 4, in kana son ƙarin lamba ɗaya tabbatacciya sai sau 100. Amsar da ba a rubuta girman kuskurenta a gefe ba, Dakta ko kallonta ba ya yi.

Wani ɗalibi ya kawo ƙorafin cewa ya gudanar da aiki ɗaya sau biyu, da ƙwaya 16 da kuma 32, ruwan da ya sauka a Zariya a rana ta goma ya bambanta. Wannan ba lalacewa ba ce. Na'ura lamba 15 zuwa 16 take riƙewa in an ba ta bait 8, wajen 7 in bait 4 ne, sauran ta yanke. Saboda haka in aka sauya jerin da aka bi wajen tara lambobi, wutsiyar amsar tana sauyawa, yawan ƙwayoyi kuma yana iya sauya jerin. Yanayi kuwa ɗan bambanci yake hurawa ya zama babba, kamar yadda masanin yanayi Edward Lorenz ya gano a 1961 da ya shigar da 0.506 a maimakon 0.506127 ya ga hasashensa ya kama wata hanya. Abin yi shi ne a gudanar sau da yawa da ɗan bambancin mafari a duba inda suka taru. Sannan tambaya biyu ce ba ɗaya ba. Ta farko, shin an warware lissafin daidai? Ana gane wannan da matsalar da aka riga aka san amsarta, a raba gurbi biyu a ga ko kuskure ya ragu sau 4 kamar yadda hanyar ta yi alkawari. Ta biyu, shin lissafin ya dace da duniya? Nan ne littattafan awon ruwa na Samaru ke shigowa, da sharaɗin a tuna cewa ma'aunin ruwa bakinsa bai fi kwano ba, gurbin kilomita 4 kuwa hekta 1,600 ne, kuma duk mazaunin Zariya ya san a yi ruwa a Sabon Gari Samaru ko ɗigo.

A wurin mai shayi da dare ɗalibin ya tambayi Dakta ta ina ake bi a zama gwani a wannan fanni. Amsar ba ta da ado. A fara da Linux har a daina neman linzami. A koyi harshe ɗaya mai sauri, Fortran ko C++, da Python don zane da tace sakamako, da git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren fayil, don kada a wayi gari da fayil goma kowanne sunansa na ƙarshe. A ɗauki darasin aljabarar jadawali da na hanyoyin warware lissafi da na'ura da muhimmanci, domin su ne jarin, manhaja sauyawa take yi. Kafin a taɓa WRF mutum ya rubuta 'yar manhajarsa ta yaɗuwar zafi a sandar ƙarfe, layi 100 ta isa, ya ƙara taku da gangan ya ga rushewa da idonsa, sannan ya raba ta da MPI. Harhaɗa WRF, wato mayar da rubutunta harshen da na'ura ke ganewa, shi kansa jarrabawa ce, mafi yawan masu faɗuwa kuma a wuri ɗaya suke faɗuwa, sun harhaɗa netCDF, wadda WRF ke rubuta fayilolinta da ita, da wata manhajar harhaɗawa sun zo WRF da wata. Katin GPU, katin sarrafa hoto da ake aron sa a yi lissafi, yana da gudu, amma in kana kai kaya kana dawowa da shi tsakanin katin da ram a kowane taku, ribar ta tafi a dako.

Babbar na'ura kuma ba sai ta zo Zariya ba. Frontier ta cibiyar Oak Ridge a Amurka, wadda a 2022 ta fara haura lissafi 1 mai sifili 18 a daƙiƙa, tana jan wajen megawat 21, kusan ɗakin Baba Injiniya sau 6,000. A nahiyar nan akwai Lengau a Cape Town tun 2016 da Toubkal a Maroko tun 2021, cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 kuma tana horar da 'yan ƙasashe irin namu a wannan fanni. Wanda ya samu izinin shiga irin waɗannan daga kujerarsa yake aiki ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Ya buɗe manhajar tmux don in intanet ta yanke aikinsa bai mutu ba, ya kwaso fayil da manhajar rsync mai ɗorawa daga inda ya tsaya, ya kuma tace sakamakon a can ya jawo megabait kaɗan maimakon terabait. Aikin yi kuwa akwai hasashen yanayi, akwai lissafin rijiyoyin mai da ruwan ƙarƙashin ƙasa, akwai koyarwa, akwai kuma kula da manhajar bincike, wanda a ƙasashen waje ya zama muƙami mai sunansa.

Da safen da zan tafi na leƙa ɗakin in yi sallama. Baba Injiniya yana tsakar gida yana shanya matatar esi, ruwan wankin ja wur. Aikin ɗalibar ya wuce inda ya faɗi, ajiyar zango biyu na kwance a faifai, ta uku saura minti 11. A allonta ana 14 ga Agusta ƙarfe 5 na yamma, jan layin hadari ya baro Jos yana nufo Zariya, a waje kuwa hazo ne ko dutsen Kufena ba a hangowa. Na ce mata Allah ya ba da sa'a, ta ce "Amin, Malam, a sauka lafiya," ba ta ɗauke ido daga lambobin ba. A Kwangila na samu motar Kano saura mutum biyu.